FILIN MASU SAURARO: Auna Rami Kafin Ka Sayi Tukunyar Wutar Kwamfuta

Kamar yadda muka saba, ga amsoshin da aka bayar a filin amsa wasiƙun masu sauraro na rediyo. Mun buga su ne saboda waɗanda suna gona ko kasuwa lokacin da aka watsa shirin, da kuma masu son su ajiye su riƙa dubawa.

Yau wasiƙu uku muka zaro, dukkansu daga Jihar Zamfara: ɗaya daga Magami, ɗaya daga Tsafe, ɗaya daga Bunguɗu. Duka ukun kuwa magana ɗaya suke zagayawa, wato wutar da kwamfuta ke ci. Bari mu fara da ta Magami, daga wani mai sauraronmu da ya nemi a sakaya sunansa. Za mu karanta ta yadda ya rubuto.

TAMBAYA

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni manomi ne, ina kuma taɓa awon hatsi nan Magami. Da munka yi girbi na sai da waken suya buhu shida, na ba yarona jari don ya buɗe shagon tura fina-finai da karatu cikin waya, da buga takardu. Ya tafi Gusau ya sawo kayan cikin kwamfuta na hannu, babu akwati. Munka sa mai walda ya ƙera muna akwatin ƙarfe mai kwaɗo, saboda ran kasuwa waje shika fitar da ita. To, abin da ka ba ta wuta, wanda aka ce ma pawa-fak, shi ya hana mu barci. Na farko da anka sawo ya ƙi shiga akwatin, ya yi tsawo. Anka mai da shi anka amso wani ƙarami. Wanga ya shiga, amma bakin wayarshi bai yi daidai da na fanel ba. Na ukku aro munka yi. Ya shiga, ya kama, amma da yaron ya jona ma'ajiyar fina-finai ukku sai ta ɗauke kamar an hure fitila. Kun san halin da hanyarmu take ciki, ba a son yawan sintiri. Don Allah ku gaya muna irin wanda za mu saye, tafiya guda ta wadatar."

AMSA

To Malam, madalla da wannan wasiƙa, Allah ya sa wa jarin yaro albarka. Kada ka ga kamar rashin sa'a ce ta bi ku har sau uku. Abubuwa uku ake dubawa kafin a sayi wannan na'ura, ku kuma kowace tafiya ɗaya daga cikinsu ta kama ku: ta farko girma, ta biyu baki, ta uku ƙarfi. Akwai na huɗu da bai riga ya kama ku ba, shi ne irin wutarmu ta ƙasar nan. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. In da takarda kusa, yaron ya riƙa rubutawa.

Da farko, mene ne aikin wannan abu da masu gyara ke kira pawa-fak? Mu a nan bari mu ce masa tukunyar wuta, don aikin tukunya yake yi. Wutar da ke shigowa ɗaki, ta janareta ce ko ta NEPA, kamar yadda bakinmu ya saba faɗa ko da yake tun 2005 aka sauya sunan, ƙarfinta wajen bolt 230 ne. Kayan cikin kwamfuta ba sa iya shan ta haka ɗanya. Tukunyar ce ke karɓarta, ta mai da ita wuta mai laushi irin ta batir, ta rarraba ta kashi uku. Wayoyi masu ruwan ɗorawa suna ɗauke da bolt 12, jajaye bolt 5, masu ruwan goro bolt 3.3, baƙaƙe kuma su ne hanyar komawa. Idan tukunya ta lalace, sau da yawa ba ita kaɗai take tafiya ba, takan ja fanel ko ma'ajiya su tafi tare. Shi ya sa ba nan ne wurin neman araha ba.

NA ƊAYA: ZA TA SHIGA?

Tukwanen wuta ba girmansu ɗaya ba, amma ba a yin su yadda aka ga dama. Akwai awo da masu ƙerawa suka yarda da shi a duniya. Wanda ya fi yawa a kasuwa sunansa ATX, tsarin da kamfanin Intel na Amurka ya fito da shi a 1995. Faɗinsa santimita 15, tsayinsa santimita 8.6, zurfinsa santimita 14. Ga mai walda ko kafinta da ya saba da inci, wajen inci 6 ke nan, da inci 3 da rabi saura kaɗan, da inci 5 da rabi. Faɗi da tsayi ba sa canjawa, haka ramukan noti huɗu na baya. Zurfin ne ke yaudara. Akwai masu 15, akwai masu 16, manya har sukan kai 18 ko fiye. Muna kyautata zaton abin da ya same ku a tafiyar farko ke nan.

Akwai kuma ƙaramin da ake kira SFX, mai faɗin santimita 12.5, tsayi 6.35, zurfi 10. Sai siriri mai tsawo, TFX, wanda ake sa wa a siraran kwamfutocin ofis: faɗi 8.5, tsayi wajen 6.5, zurfi 17.5.

Saboda haka kafin yaron ya hau mota, ya sa tef ya auna ramin da mai walda ya bari: faɗi, tsayi, zurfi. In babu tef, ga dabara ta gida. Ya samo karan dawa ya yanka guda uku, kowane daidai da awo ɗaya, ya ɗaure su ya jefa a jaka. A shago sai ya kara su a jikin tukunyar. Kara ba ya mantuwa, ba ya kuma jin daɗin bakin mai sayarwa.

Amma a kula, shiga kawai bai isa ba. A bar wajen yatsu uku a gefen da wayoyi ke fitowa, don kada a lanƙwasa su da ƙarfi. Fankar tukunya, wadda a yawancinsu faɗinta santimita 12 ne, kada ta manne da bangon ƙarfe. Ko dai ta fuskanci sararin cikin akwati, ko mai walda ya huda mata ramuka a daidai wurin. Bayanta kuma, inda iska mai zafi ke fita, dole ya leƙo waje. A kuma auna nisan da ke tsakanin tukunya da wurin da wayoyi za su shiga fanel, don an sha ganin tukunya ta zauna daram amma waya ta gaza da ɗan yatsa ɗaya.

To in ramin bai kai na ATX ba fa? Shawararmu, a koma wurin mai walda ya faɗaɗa shi. Kuɗin yankan ƙarfe bai kai bambancin da ke tsakanin ATX da SFX ba, don SFX ta fi tsada, ta kuma fi wuyar samu. Gobe in ta lalace, ATX ce za a samu a Gusau ba sai an aika Kano ko Ikko ba. Sai dai kafin a taɓa akwatin da walda ko abin huji, a kwashe duk kayan ciki, bayan an gama a kakkaɓe shi tas. Garin ƙarfe ɗan mitsitsi in ya faɗa kan fanel ya isa ya ƙone shi. Fanel ɗin ma kada ya kwanta kai tsaye a kan ƙarfe. Akwai 'yan ƙafafu na tagulla da ake ɗaura shi a kansu, a tabbatar an sa su. Ga masu shirin ƙera nasu akwatin nan gaba kuwa, ku fara sayen tukunya, sannan a yanka ƙarfe a kanta. Tela ma sai ya auna mutum yake yanka yadi.

NA BIYU: BAKIN YA YI DAIDAI?

Babban fanel, wato madabod, yana karɓar wuta ta baki biyu. Babban bakin yana da ƙofofi 24. Na da ƙofa 20 ne, daga wajejen 2003 aka ƙara huɗu, shi ya sa za ka ga tukwane da yawa huɗun nan na ƙarshe ana iya zare su. Ƙaramin bakin na ƙwaƙwalwar kwamfuta ne, wato firosesa, mai ƙofa 4 ko 8, wayoyinsa ruwan ɗorawa da baƙi ne kawai.

Ƙaramar tukunyar da aka ba ku a tafiya ta biyu, da alama daga sirirar kwamfutar ofis aka ciro ta. Manyan kamfanoni irin su Dell da HP da Lenovo suna yi wa da yawa daga kwamfutocinsu na ofis tukunya ta kansu, mai baki na daban: wata ƙofa 6, wata 8, wata 10, wata 14. A cikin gidansu lafiya lau suke aiki, amma ba su shiga fanel na gama-gari. Kada yaron ya yarda wani ya ce zai yanke wayoyi ya haɗa masa da salatif. A mayar da ita.

Wani tarkon kuma, akwai baki mai ƙofa 8 na katin hoto, wanda ke kama da na firosesa kamar an tsaga kara. Jerin wayoyinsu daban ne. Kama da wane ba ta wane. Duk bakin da ya ƙi shiga cikin sauƙi, ba nasa ba ne, kada a danna.

Tun da sana'ar yaron ta tura fina-finai ce, ma'ajiya ita ce rumbunsa. Kowace ma'ajiya, wato had-dis, tana son nata bakin wuta, ɗan fale-falen nan baƙi da ake kira SATA. Ya ƙirga ma'ajiyoyinsa, ya ƙara ɗaya ko biyu na gaba, ya nemi tukunya mai bakuna kamar haka. Akwai 'yan wayoyin raba baki ɗaya ya zama biyu, to amma na arahar sun sha narkewa, gara a kauce musu. Hanya mafi sauƙi ita ce ya ɗauki hoton fanel da bakunansa a waya ya tafi da shi.

NA UKU: ZA TA ƊAUKI KAYAN?

Nan ne gizo ke saƙar, nan ne kuma aka fi cutar mutane. Ƙarfin tukunya da wat ake auna shi, kamar yadda ake auna hatsi da tiya. Kowane abu a cikin kwamfuta yana da tiyar da yake ci. Bari mu yi lissafin a kan irin kayan da aka fi samu na hannu.

Firosesa irin ta Core i5 ta tebur, wat 65 zuwa 85 in tana aiki sosai, mu ce 80. Fanel da kansa, wajen 30. Ram guda biyu, mu ba su 10 don a huta. Fankoki biyu, 5. Wayoyin jama'a guda huɗu da ake jonawa ana tura musu fim, kowace wat 2 da rabi, 10 ke nan. Saura ma'ajiya, a nan a saurara da kyau. Babbar ma'ajiya ta tebur, in ta riga ta ɗauki juyi, ba ta wuce wat 10. Amma a 'yan daƙiƙun farko da aka kunna, lokacin da take ƙoƙarin tayar da faifanta, takan ja har wat 25. Kowa ya taɓa tura amalanke ya san tayar da ita daga tsaye ya fi tura ta wuya. Guda uku a lokaci ɗaya, wat 75 ke nan. A tara duka: 210.

Ba a sayen tukunya daidai wa daida da kaya. Jakin da ake yi wa lodin iyakar ƙarfinsa kullum ba ya daɗewa. A ƙara rabin abin da aka samu a kai, 210 da 105, ya zama 315. Ke nan tukunya mai wat 350 ta gaskiya ta ishi yaron, mai 400 kuma ta ba shi sarari. In nan gaba zai sa katin hoto don haɗa bidiyon biki, sai a sake lissafi. Ƙaramin kati da ba ya neman waya tasa ba ya wuce wat 75, wanda ke neman baki mai ƙofa 6 yana iya kai 150, mai ƙofa 8 har 225.

Mun ce "ta gaskiya", don a kasuwa akwai wadda aka rubuta wa 500 ko 650 da manyan baƙaƙe, amma ƙarfinta bai kai rabin haka ba. Kai da kake awon hatsi, Malam, ka san buhun da aka cika bakinsa da ƙaiƙayi. Yadda ake zazzage wannan buhu shi ne a duba takardar da ke manne a jikin tukunya. Akwai jadawali a kai. A nemi inda aka rubuta +12V, a dubi lambar da ke ƙarƙashinsa mai harafin A, wato amfiya, a ninka ta sau 12. Alal misali in an ga 14A, sau 12 ya ba da wat 168 kacal, ko da kuwa an rubuta 500 a kwali. In an ga 25A, wat 300 ke nan, wannan ta amsa sunanta. Dalilin duba wannan layi shi ne firosesa da injin juya ma'ajiya da fankoki duk daga bolt 12 suke sha. Muna zaton tukunyar aron nan a wannan layi ta gaza, shi ya sa ta ɗauke da aka jona ma'ajiya uku. Ɗaukewar ma alheri ce, don ta kare kanta ne. Wata ba ta ɗaukewa, hayaƙi take yi. Yaron ya nemi wadda layinta na bolt 12 bai gaza 22A ba.

Wasu kan ji tsoron babbar tukunya, wai za ta shanye musu mai. Ba haka ba ne. Tukunya mai wat 400 abin da kaya suka nema kawai take ja, da ɗan abin da ke tafiya a zafi. Girman randa ba shi ke sa a sha ruwa da yawa ba.

NA HUƊU: ZA TA JURE WUTARMU DA ZAFINMU?

Wannan shi ne wanda bai kama ku ba tukuna, muna kuma fata kada ya kama ku. A bayan wasu tukwane, musamman na hannu da ake shigowa da su, akwai ɗan jan makunni mai lamba 115 a gefe ɗaya, 230 a ɗaya gefen. A Amurka wutar gida bolt 120 ce, kayan da suka fito daga can sukan zo a kan 115. In aka jona ta a wutarmu a haka, ƙara ɗaya za a ji, shi ke nan. Kafin a sa fulogi, a tabbatar 230 ake gani. Yara kuma kada su yi wasa da wurin.

Wadda ta fi dacewa da mu ita ce mara wannan makunni, wadda aka rubuta wa 100 zuwa 240V a takardarta. Irin wannan ko wuta ta yi lo, fitila ta koma kamar garwashi, tana ci gaba da aiki. Wadda aka rubuta wa 200 zuwa 240 kuwa, da wuta ta sauka sosai sai ta yanke.

Sai zafi. A watan Afrilu da Mayu ƙasar Zamfara takan kai digiri 40 a inuwa, balle cikin akwatin ƙarfe a tsakiyar kasuwa. Tukunya in ta yi zafi ƙarfinta raguwa yake yi. Masu araha da yawa a ɗaki mai sanyin digiri 25 aka auna ƙarfinsu, masu kyau kuwa a digiri 40 ko 50. Wannan ma dalili ne na barin sarari a lissafi. Ran kasuwa a ajiye akwatin a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa, kada a rufe shi da zane. Lokacin hunturu ƙura ce abokiyar gaba. A sa ragar sauro a ramukan shigar iska, a riƙa karkaɗe ta, wata-wata kuma a hure cikin akwatin bayan an zare fulogi. Da damina in hadari ya haɗo ana walƙiya, a zare fulogi gaba ɗaya, don sitabilaiza ba ta tare aradu.

Tun da akwatin na ƙarfe ne, akwai maganar rai a ciki. Ƙafa ta uku ta fulogi, doguwar nan ta sama, ita ce ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa. Shaguna da yawa ba su da wannan waya. In an taɓa akwati aka ji yana ɗan ja, a kira mai aikin wuta ya kafa sandar ƙarfe a ƙasa ya haɗa. Kada a cusa tsirarar waya a soket da tsinken ashana. Kada kuma yaron ya kwance tukunyar da kansa, ko da an kashe ta, don akwai kafasita a ciki da ke riƙe wuta mai iya kisa bayan an zare fulogi.

IN AN JE SHAGO

Ya tafi da karansa uku da hoton fanel. Ya ɗaga tukunyar a hannu, don ta kirki tana da ɗan nauyi, wadda ke kamar gwangwanin da babu komai kuwa abin zargi ce. Ya shinshina ko akwai ƙauri. Ya haska tocila ta ragar, in ya hango 'yan gwangwanaye da kansu ya kumbura, ya ajiye. Mai shago zai iya haɗa koriyar waya da baƙa fanka ta juya, ya ce ka gani lafiya lau. Wannan yana nuna ta tashi ne kawai, bai nuna tana ɗaukar kaya ba. A jona ta a kwamfuta mai ma'ajiya biyu ko uku ta yi rabin awa tana aiki. In akwai mita, wayar ruwan ɗorawa ta nuna tsakanin 11.4 da 12.6, ja kuma tsakanin 4.75 da 5.25. Sannan a yi ciniki da sharaɗin mayarwa, a rubuta a rasit. Da fatan ka gamsu, Malam. Allah ya kiyaye hanya.

TAMBAYA

Wasiƙa ta biyu daga wani mai tireda a Tsafe. Ya ce yana da ƙaramin janareta da aka rubuta wa 950, yana kunna kwamfuta da shi lafiya, amma duk sa'ad da ya aika takarda firinta sai kwamfutar ta mutu ta sake tashi. An ce masa ya sayi babbar tukunya. Yana tambaya ko haka ne.

AMSA

Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Da wuya laifin tukunya ne. Lambar nan 950 sunan samfurin ne, abin da irin waɗannan injina ke bayarwa a kai a kai wajen wat 650 ne, duba ƙaramin rubutun da ke jikinsa za ka gani. Kwamfuta da allonta ba su wuce wat 250 ba, shi ya sa suke zaune lafiya. Amma in firintarka mai garin tawada ce, wato leza, akwai abin dumama takarda a cikinta kamar dutsen guga. Lokacin da ya kama yakan ja wat 300 zuwa 500, a farkon kamawa ma fiye da haka. Sai injin ya shaƙe, wuta ta faɗi, kwamfuta ta ɗauke.

Mafita uku ce. Ko ka nemi janareta mafi girma, ko ka koma firinta mai tawadar ruwa wadda ba ta wuce wat 30 ba, ko ka sa wa kwamfutar UPS, ɗan akwatin batir ɗin nan da ke riƙe ta in wuta ta yi ƙasa. In UPS ka zaɓa, kwamfuta da allo kawai za ka jona masa, ban da firinta. Ka kuma sani wanda aka rubuta wa 650VA ba wat 650 ba ne, wajen 360 zuwa 390 yake ɗauka. Kullum ka fara tayar da injin ya daidaita kafin ka jona kwamfuta, ka kuma kashe ta kafin mai ya ƙare, don shaƙuwar ƙarshen nan tana lalata ma'ajiya. Injin kuma a waje, nesa da taga. Hayaƙinsa ya sha kashe mutane suna barci.

TAMBAYA

Ta ƙarshe daga wata Malama a Bunguɗu, wadda ke riƙe wa ƙungiyarsu ta mata masu man gyaɗa lissafi. Ta ce tun da fetur ya yi tsada bayan cire tallafi a 2023 suka koma sola, batir ɗaya da inbata. Amma kwamfutar tana wani zuuu kamar ƙudan zuma, batirin kuma ba ya kai su la'asar.

AMSA

Malama, sannu da ƙoƙari. Ƙarar nan daga inbata take. Inbata iri biyu ce: mai ba da wuta sumul irin ta NEPA, da mai araha wadda wutarta ke tafiya tsalle-tsalle. Ta biyun ce ke sa tukunya kuka da zafi, wasu sababbin tukwane ma ƙin ta suke yi sam. In za a sake saye, ki ce wa mai shago mai "fiyo sayin" kike so, da wannan sunan suka san ta.

Batun batir kuwa lissafi ne. Batir mai bolt 12 da 100Ah yana ɗauke da abin da zai ba da wat 1,200 na awa ɗaya, amma irin na dalma rabi kawai ake sha in ana son ya daɗe, 600 ke nan. Inbata kanta tana cin wani abu, saura wajen 500. Kwamfutar tebur da allonta in suna cin wat 125, awa huɗu sun tashi da shi. Tukunya ma tana da hannu a ciki. Wadda ke da tambarin 80 Plus, tsarin da aka fara a 2004, aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ta ja yana isa ga kaya. Ta banza kuwa takan ɓarar da kashi 30 ko fiye a zafi. Amma gaskiyar magana, in rubutu da lissafi ne aikinku, laftof ya fi muku. Wat 30 ya ishe shi a irin wannan aiki, wato batirin nan zai kai shi sama da awa 15, ga kuma nasa batirin a ciki. Ku shawarta a ƙungiya, ko a sayar da ta teburin a cika a sayi laftof na hannu.

To jama'a, nan lokaci ya kawo mu. Ga mai sauraronmu na Magami, muna maimaitawa don yaron ya rubuta: kara uku na awo, baki mai ƙofa 24 da na firosesa, bakunan ma'ajiya huɗu ko biyar, wat 350 zuwa 400, layin bolt 12 kada ya gaza 22A, takarda kuma ta ce 100 zuwa 240. In an dace, a rubuto mana mu ji. Sauran masu tambaya a ci gaba da aiko da wasiƙu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.